Hanyar Bauchi da Buta a Hannu

A shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun talaka a Jos, duniyata gaba ɗaya ba ta wuce tsakanin keken ɗinkina da ƙofar bayan gida ba. Muna haya ne a wani gida da ke bayan Titin Bauchi, mu da wasu iyalai, kowa da ɗakinsa da 'yar barandarsa, amma bayan gida ɗaya ne tal, can kusurwa bayan igiyar shanya. Ƙofarsa ta langa-langa ce, sakatar kuwa wata lanƙwasasshiyar ƙusa. In na ji ƙarar ƙofar nan daga ɗaki, na san wani ya shiga, sai gabana ya faɗi ko da cikina lafiya lau yake a lokacin.

Zawo nake yi. Ga shi yau na rubuta shi ɓaro-ɓaro, amma a lokacin ko da wuƙa aka sa mini a wuya ba zan furta kalmar nan gaban mutane ba. Ruwa ne tsagwaronsa, babu jini, babu zazzaɓi, kuma ba ya sallama. Ina cikin taka keke, na ɗora hannun riga a ƙarƙashin allura, sai in ji cikin ya yi wata ƙugi ya murɗa. Daga nan ba a shawara da ni. In saki ɗinkin, in suri buta, in bi ta tsakar gida ina tafiyar da ba gudu ba ce ba kuma tafiya ba, ina gaisa da matan gida da haƙora a cije. Yakan yi makonni yana haka, sai ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke, har in fara cewa ai na warke, sai ya dawo ranar da na fi buƙatar fita.

Buta biyu gare ni, ɗaya kullum cike a gindin keke. Alwala kuwa ba na iya riƙe ta daga azahar zuwa la'asar, wani lokacin ma daga kabbara zuwa sallama. Biki, suna, gaisuwar mutuwa, duk na daina zuwa. Kasuwa ma maigidana ke yo mini cefane a hanyarsa ta dawowa daga wurin awon hatsi. Na rame har ƙashin wuyana ya fito, kuma kun san a shekarun nan in mace ta rame tana yawan zagayawa, abin da ake raɗa a kanta. Wata a gidan ta daina bari 'yarta ta sha ruwa a kofina. Na je aka gwada jinina, ba ƙanjamau ba ne, amma wa zan bi ɗaki-ɗaki in gaya wa?

Ga kuma bakina da ya ƙara kulle ni. Mu dai in an ce maka ya jiki, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Ko ana riƙe da kai ne ta hagu da dama, da sauƙi za ka ce, don godiya ce ga Allah, ba labarin ciwo ba. Kowane Bahaushe ya san haka. To likitan da na fara gani a asibiti wani saurayi ne ɗan kudu, mai kirki ƙwarai, Hausarsa ta kasuwa ce da ta unguwa. Duk komawata sai ya ce, “Mama, yaya jiki?” In ce, “Da sauƙi, likita.” Sai fuskarsa ta washe, ya ce madalla, in ci gaba da shan maganin nan tunda yana aiki. Ni kuma in fito ina tsaki a zuci, ina cewa wannan wane irin likita ne da ba ya tambaya. Shi ya ɗauka ina warkewa, ni na ɗauka bai damu ba, muka yi watanni muna yi wa juna murmushi.

Wata rana ba ya nan, aka tura ni wurin wata likita, dattijuwa 'yar Filato da ta tashi cikin Hausawa. Ta ce ya jiki, na ce da sauƙi. Ta cire tabarau ta dube ni.

“Wannan na gaisuwa ne, na karɓa. Yanzu gaya mini na asibiti. Tun da gari ya waye sau nawa kika zagaya?”

Na sunkuyar da kai, na ɗaga mata yatsun hannu, na ga ba su isa ba. Ita ce ta sa aka haska hanjina da wata igiya mai fitila a baki, aikin da ba zan so ko maƙiyina ya sha ba. Suka duba suka ce hanjin garau yake, ba su ga komai ba. Amma sun tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero daga ciki an kai ɗakin gwaji. Bayan makonni ta kira ni ta ce an gano shi. Kumburi ne a fatar cikin hanji, ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya ganinsa sai an sa madubin likita. Kolaitis ta ce sunansa, da wani guntun Turanci a gabansa mai nufin ƙanƙanta. Ba daji ba ne, ba a ɗaukarsa, kuma ba ya kisa. Sai dai yana tafiya yana dawowa, zama za a koya da shi.

Ƙanƙane! Na ce a raina, abin da ya hana ni zuwa ko bakin titi shi ake kira ƙanƙane.

Ta tambaye ni magungunan da nake sha, na ce babu, sai 'yar ƙwayar ciwon baya da nake saya a kemis saboda zaman keke. Ta ce ita ce ta farko da zan bari, tana iya tayar da shi. Sai shayi mai kauri, sai madara, sai nono, sai yaji da abin suya. Da ta ce goro kuwa sai da na ce, “Haba likita, me goro ya yi kuma?” Ni da ba na iya sa zare a allura in ban ɓantari goro ba. Haka na koma farar shinkafa, dafaffen dankalin Turawa ba mai, kunun acca tsinkakke, ayaba, da ruwan gishiri da sukari a gora. Ta ba ni wasu ƙwayoyi na rage kumburin, da wata 'yar ƙarama ta tsayar da ciki in fita ta kama dole. Ya ragu, ban ce bai ragu ba. Amma ragin bai kai in amince wa cikina in shiga mota ba.

Ana cikin haka Inna ta faɗi a Bauchi.

Mahaifiyata ce, tana zaune a gidan yayana. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, ta kwanta, sai an tayar sai an kwantar. Ni kaɗai ce 'yarta mace, sauran duk maza ne. Bauchi kuwa ba nisa, mutane kan je su ci abincin rana su dawo Jos kafin magariba. Amma a wurina hanyar nan ta fi ƙarfina. Mota cike da maza, duwatsu da fili fetal, ga shingayen sojoji da aka jera tun bayan rikicin Jos, inda ake tsayar da mota a yi ta bincike ba mai ikon sauka.

Yaya yakan kira ne a wayar maigidana da yamma, lokacin da tsakar gida ke cike, mata na tankaɗe, maza na alwala. A cikin ɗakinmu wayar ba ta kamawa, sai an fito fili. Sai in tsaya a tsakiyar jama'a da waya a kunne.

“Ya jikin naki?”

“Da sauƙi, Yaya. Ya mai jiki?”

“Da sauƙi. Tana ta tambayarki.”

Na farko haka, na biyu haka. A na uku muryarsa ta canja.

“Ke, ni fa ban gane ba. Mijinki ya ce an haska cikin ba a ga komai ba. Ke kuma kullum da sauƙi. To me ya zaunar da ke? Bauchi ce fa, ba Makka ba. Tsohuwar nan ko abinci ta daina ci.”

Don Allah ta yaya zan gaya wa yayana, uba a wurina tun rasuwar Baba, abin da ke zaunar da ni? A gaban mazan gidan haya? Na ce masa ina nan tafe insha Allahu. Na shiga ɗaki na yi kuka, kukan ma ban ƙarasa shi ba sai da na ɗauki buta.

Na gwada, Allah ya sani na gwada. Na daina cin komai tun azahar ɗin jajibiri, na sha 'yar ƙwayar da safe, na naɗe tsumma kamar mai jego, na ɗaura zani biyu. Na isa tasha na samu kujerar bakin ƙofa. Sai dai bas ba ta tashi sai ta cika. Ɗan kamasho yana ta ihun saura mutum biyu, saura mutum biyu, alhali rabin motar babu kowa. Ina zaune ina kallon masu tallar burodi, sanyin Jos na ratsa mayafina, amma gumi ke bin bayana. Daidai lokacin da mutum na ƙarshe ya sa ƙafa, cikin ya murɗa. Na tsallake kayan mutane na fita neman bayan gidan tasha. Kafin in fito motar ta tafi, an ajiye mini jakata a wurin mai shayi. Na ɗauka na koma gida ta lungu don kada a tambaye ni.

Washegari Maman 'yan biyu ta zo. Inyamura ce, da can maƙwabciyarmu ce ƙofa da ƙofa, bayan rikici suka koma Kabong, amma ba ta daina kawo mini ɗinki ba, ita ke sayar mini da zare da maɓallai. Hajiya take kirana ko da ban taɓa zuwa ko filin jirgi ba. Hausarta kuwa kowa namiji ne a cikinta, har ni. Ta tarar da ni zaune gaban keke ban buɗe shi ba.

“Hajiya, mene ne? Kai ka yi kuka.”

Na ce babu komai. Ta ja kujera ta zauna, ta ce ita ba ta da aikin yi yau, za ta jira babu komai ɗin ya ƙare. Da kewaye-kewaye na gaya mata, ina cewa lalurar ciki, ina cewa yawan fita. Ta katse ni.

“Zawo ne?”

Na ce, “Ke, rage murya!”

“Zawo ne kawai ya hana ka ganin mamanka? Jibi ni zan raka ka.”

Na so in ƙi. Bauchi ba wurin da take zuwa ba ne, kuma a lokacin kowa na taka-tsantsan da inda zai sa ƙafa. Ta ce in ara mata mayafi kawai.

Jibin na sake yin shirina, ba ci, ƙwaya, tsumma, zani, buta cikin leda da guntun sabulu. Wannan karon ita ta zauna ta riƙe mana wuri, ni ina tsaye kusa da bayan gidan tasha har motar ta cika, sannan ta yafuto ni. Muka fita daga gari, muka wuce shingen farko lafiya. Na ƙura wa bayan kujerar gabana ido ina ta salati, ban yarda na kalli ko dutse ɗaya ba.

Mun ɗan gota Tilden Fulani na ji ya fara. Na daure, na daure, sannan na ce a hankali, “Direba, don Allah zan kama ruwa.” Ya tsaya yana ƙunƙuni, ya ce ai da an yi tun a tasha. Na sauka na zagaya bayan wani dutse na dawo. Ba mu yi wata tafiyar kirki ba ya sake murɗawa, wannan karon da ƙarfi. Na ce, “Direba, don Allah.” Ya ƙara ƙarar rediyo. Wani mai babbar riga a gabana ya juyo ya ce, “Haba baiwar Allah, yanzu fa kika sauka. Kowa nan yana da uzuri.”

Na damƙe ƙarfen kujera har yatsuna suka yi fari. Na san abin da zai faru, na kuma san bayan ya faru ba zan ƙara iya ɗaga ido in kalli ɗan Adam ba. Duk da haka bakina ya ƙi buɗuwa. Sai ji na yi Maman 'yan biyu ta buga jikin mota da tafin hannu, ta ɗaga murya kamar tana kiran mai amalanke a kasuwa.

“Oga direba, tsaya! Wannan mata zawo ne yana yi! Ka tsaya ko ka wanke mota!”

Innalillahi! Na so ƙasa ta tsage in shige, na so in shaƙe ta da mayafin da na ara mata. Direba ya taka birki har kawunanmu suka haɗu da kujeru, ya ce, “Subhanallahi! Ai sai ki faɗa, Hajiya.” Wurin fili ne, babu dutse babu kurmi sai guntayen ciyayi. Maman 'yan biyu ta biyo ni, ta kwance zaninta na sama ta ware shi da hannu biyu ta ba mota baya, tana ta mita da yarensu. Ina tsugune a bayan zanin nan ina hawaye, haushinta nake ji, kuma ban san da wane baki zan gode mata ba.

Da muka koma mota, mai babbar rigar nan bai ƙara juyowa ba. Wata tsohuwa ta ce in jiƙa sassaƙen kaza, wani ya ce garin kuka a kunu, wani ya ce akwai mai magani a garinsu. Direba kuwa duk 'yar tafiya sai ya dubi madubi ya ce, “Hajiya, a tsaya?” Wallahi wannan ya fi ihun nata ciwo. Sau biyu kuma na ce a tsaya.

Da hantsi muka shiga gidan Yaya. Matarsa ce ta tare mu, mace mai haƙuri da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta sauki Maman 'yan biyu a ɗakinta, ni kuma ta ja ni gefe. Ta ce makonni ke nan Inna ba ta yarda ta ci abin kirki, an yi tuwo mai laushi, an yi fate, an yi kunu, sai ta datse baki ta juya kai. Ruwa ma sai dai ta jiƙa leɓe. Sun kai ta asibiti an duba maƙogwaro ba a ga dalili ba. Ta ce, “Ni dai ban san laifin da na yi mata ba.” Idonta ya ciko.

Ɗakin Inna na ƙamshin turaren wuta, an share shi tas. Tana kwance a kan gado. Matar da take ɗaukar tulu biyu ta zama kamar a naɗe ta cikin ɗankwali. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni da idon da ke buɗuwa sosai, maganarta na fita ta gefen baki.

“Sai yau?”

Na ce, “Inna, ban da lafiya ne.”

“An ce da sauƙi.”

Na waiga, matar Yaya na tsaye a bakin ƙofa, na roƙe ta ta ɗan ba mu wuri. Bayan abin da aka yi shelarsa a mota cike da maza, me ya rage kuma? Na matsa kusa da kunnen Inna na ce, “Inna, zawo nake yi. Ya fi shekara. Ba na iya riƙewa.” Na gaya mata motar da ta tafi ta bar ni, na gaya mata zanin da aka kare ni da shi a bakin hanya. Na ce rabona da abinci tun jiya da azahar, don in ban ci ba, abin da zai fita ba shi da yawa.

Sai hannunta mai lafiya ya lalubo wuyan hannuna ya zagaye shi da yatsu.

“Ke ma?” in ji ta.

Ban gane ba da farko. Sai na ga inda idonta ya nufa, ƙarƙashin gado, inda aka tura fo aka rufe da tsumma, ga ledar shimfiɗa a ninke kusa da shi.

“Yarinyar nan 'yar mutane ce,” ta ce. “Ba ta taɓa ɓata rai ba, ko sau ɗaya. Amma ni in kwanta matar ɗana tana buɗe ni tana juya ni? Da wane ido zan amsa gaisuwarta da safe?”

Na kifa kaina a gefen katifa. Har yau in na tuna, haushin cikin nan nawa nake ji, haushi mai zafi, shi da ya tsare ni a bayan Titin Bauchi ina gadin ƙofar langa-langa alhali tsohuwa na can tana yi wa kanta horon yunwa tana jirana. Yunwar ta riga ta ci jikin, kwanakin da suka rage mata ba su da yawa, duk da ba mu sani ba a ranar.

Ta girgiza hannuna ta ce, “Bar kukan nan. Tunda kin zo, ce su dama kunu.”

Matar Yaya ta dama da gudu, ta kawo tana murna, tana cewa ashe ɗiyarta take jira ta ba ta a baki. Ban gyara mata ba. Na ɗago kan Inna na jingina a ƙirjina ina ba ta da ludayi. Ta sha kaɗan ta ƙware, maƙogwaron ya manta aikinsa, muka jira, ta sake sha. Ta ce sukarin ya yi kaɗan. Ta ce in sha ni ma, na ce sai anjima, ta harare ni da idon nan ɗaya har sai da na kurɓa.

Bayan la'asar muna zaune shiru, sai na ji ta taɓa gwiwata sau biyu, ta juya fuskarta bango. Na tashi na tura ƙofa, na sa sakata, na jawo baho da ruwan ɗumi.